Yadda littafina na farko ya fito daga cikin kwandon tumatur

Tunda littafin nan ya fito ake ta kirana ana tambaya wai yaya akai, wasu ma cewa suke au dama 'yan Legas suna rubuta littafin Hausa? To bari in zauna in faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, mai niyyar shiga harkar ya tsinci abinda zai amfane shi.

Ni a Agege aka yanke min cibiya. Kakanmu ne ya zo daga wajen Kura tun zamanin da jirgin ƙasa yake sauke shanu ya kwashi goro ya koma arewa, mu kuma muka tashi muka ganmu a nan. Sana'ata malamin rasit ne a kasuwar Mile 12, wajen wani Alhaji dillalin kayan gwari. Mota in ta shigo ni zan tsaya in ƙirga kwando nawa aka sauke, na wane nawa na wane nawa, wa ya biya wa ya ɗauka bashi. Kafin a kira assalatu na bar gida. Karatun littafi kuwa a wajen yayata na koya, duk wanda zai taho daga Kano sai ta ba shi sautu, a kawo mata a jakar Ghana-must-go, yawanci na soyayya ne amma jefi-jefi akan samu na bincike da cakwakiya a ciki, irin wanda zaka ce bari in ƙarasa shafin nan in kwanta sai kaji ladan, su ne suka kama ni. Daga baya na koma sayen na Turanci na gwanjo a Yaba gefen layin dogo.

A 2021 na fara nawa. Kuma gaskiya sai da na ɓata wata biyar a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Na ɗauko wani jami'in sirri na ajiye shi a Abuja, na hau da shi jirgi zuwa Dubai, bindigogi kala-kala, motoci masu baƙin gilas, shafi wajen 60. Na ba maiɗakina ta karanta, ta kwana biyu da shi sannan wani dare muna cin abinci tace "Baban Ummi, in faɗa maka gaskiya? Mutumin nan naka ko kashe shi akai ba zan ji komai ba, kamar kai ma ba ka san shi ba." Wallahi maganar ta soke ni, kwana uku ban taɓa rubutun ba. Amma gaskiyarta ne, ban taɓa taka Dubai ba, bindiga sai dai in hango ta a kafaɗar mai kaki, duk abinda na zuba a ciki aro ne daga finafinai.

Abinda ya juya ni wata safiya ce a kasuwa. Akwai motar da muke jira tun shekaranjiya, ta lalace bayan Mokwa, sai ranar ta shigo. Tun kafin ta gama fakin wari ya riga ta isowa, ruwan tumatur ja yana ɗiga ta ƙasan bodi yana bin taya, ƙudaje sun yi mata rumfa. Mai kayan wani dattijo ne da ya biyo motar da kansa, ya sauko bai ce uffan ba, ya kifa wani tsohon kwando ya zauna a kai, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, 'yan dako suna saukewa shi kuma leɓensa yana motsi yana ƙirgawa, kwandon da aka taɓa sai gindinsa ya zube. Ni ina tsaye da biro da littafi na rasa me zan rubuta, in sa kwando ne ko in sa ruwa. A nan tsaye naji wani abu ya faɗo min a rai: tumatur ba ya jiran kowa. Daga gonakin Kadawa a jihar Kano zuwa Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, kwana biyu zuwa uku in hanya ta yi kyau, kowace awa da aka ƙara kuɗin wani ne yake narkewa. Ashe agogon da nake ta ƙoƙarin ƙirƙira da bam a otal ɗin Dubai ga shi nan a gabana kullum ina ƙirga shi.

Daren ranar na ajiye jami'in sirri na buɗe sabon shafi. Labarin ya zama haka, ba zan faɗi ƙarshe ba saboda waɗanda ba su karanta ba: tirela ta shigo Mile 12 da asuba, yaron mota ne ya tuƙo ta, direba babu shi, yaron yace tun Jebba ya sauka kama ruwa bai dawo ba. Malamin rasit ya ƙirga kaya yaga takardar lodi ta ce kaza, abinda aka sauke ya gaza da kwando 7, a gurbinsu kuma akwai abinda bai kamata a gani a motar gwari ba. In ya kai maganar gaban hukuma za a riƙe mota da kayan mutum goma sha wani abu har su ruɓe, in ya yi shiru kuma wanda ya san abinda ke cikin motar ya riga ya ga fuskarsa. Kwana uku kacal labarin ya ɗauka daga farko har ƙarshe.

A waya na rubuta shi kaf, yawanci a cikin danfo, motar hayar Legas, in na taso, go-sulon Ketu zuwa Ojota kaɗai ya isa mutum ya gama rabin babi. Kujerar tsakiya nake nema saboda masu fizge ta taga. Na sa kibod ɗin waya na Gboard na Hausa saboda ƙ da ɗ da ɓ, kuma duk babin da na gama sai na tura wa kaina ta imel kafin in kwanta, tunda na taɓa ganin wanda wayarsa ta faɗa ruwa da rubutun shekara guda.

Inda na fi shan wuya kuma na fi jin daɗi shi ne tambaya. Na ɗauka na san kasuwa, ashe bakin motar kawai na sani. Teburin mai shayi na koma zama da daddare inda direbobi suke hutawa, in sai musu shayi da biredi in yi ta jan su da hira, shinge nawa ne a hanya, a ina ake tsayawa sallah, wane gari ne ba a kwana, me yaron mota yake yi in oga ya yi barci. Da farko sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne, sai da Alhajina ya sa baki yace ɗana ne littafi yake rubutawa. Ƙarshe wani ya ɗauke ni har Jebba a gaban mota, na ga gadar da idona, na ji yadda kujera take gasa bayan mutum, na dawo a motar albasa. Babi na 2 gaba ɗaya daga wannan tafiyar ya fito. Sai wani tsohon ɗan sanda mai ritaya da muke sallah masallaci ɗaya, shi ya warware min ɓangaren hukuma. Na ce masa "Baba, in an tsinci gawa a nan Legas me ake yi?" Ya zaunar da ni ya yi min dalla-dalla, cewa maganar kisa ba a ƙaramin caji ofis take ƙarewa ba, Panti ake turawa can Yaba, sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, kuma tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun. Sannan ya faɗa min abinda ya zama ƙashin bayan rabin littafin na biyu, wato dokar binciken gawa ta jihar Legas ta 2007, mutuwar da ake zargi sai likita ya duba kafin a ba da gawa. Mu kuma kun san mu, mutum in ya rasu da safe so muke kafin la'asar an kai shi makwancinsa. To ka ga 'yan uwa suna roƙo a ba su gawa su yi mata sutura, jarumina kuma ya san in aka binne ta an binne hujja, kuma shi ma musulmi ne zuciyarsa tana tare da su. Ina rubuta wajen nan sai da na ajiye waya na share ido, dan na taɓa tsayawa a irin layin nan a ƙofar mutuware saboda wani maƙocinmu.

Wani abu da ban sani ba sai da na shiga, irin wannan labarin lissafi ne kamar littafin bashi. Dole ka san wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Na samu bayan wani tsohon littafin rasit na ja layi uku, kwana na ɗaya na biyu na uku, na raba awa-awa, kowane mutum na rubuta inda yake a wannan awar ko da ba zai fito a babin ba. Da haka na kama kaina na sa mutum ɗaya a Apapa da Agege tsakanin minti ashirin, abinda duk ɗan Legas zai ajiye littafin in ya gani. Kuma babin ƙarshe na fara rubutawa sannan na dawo baya ina binne alamu.

Da na kai babi 10 sai na buɗe gurup a WhatsApp na fara sakewa kyauta, yawancin masu karatun mata ne, daga Idi-Araba, Alaba Rago, Kano, Kaduna, har da wasu daga Nijar da Saudiyya. Ranar da na saki babi na 5 wata Anti daga Idi-Araba ta biyo ni ta gefe tace "Malam marubuci, wane ne ya yi kisan ko?" Kuma shi ɗin ne. Gabana ya faɗi, nace Anti ta yaya kika gane, tace "ya cika kirki, kowa a littafin yana da halinsa shi kaɗai ne ba ya laifi." Sati biyu na dakatar da sakin labarin na koma na ba mutumin nan rowa da saurin fushi da 'yar ƙaramar ƙarya da za a kama shi da ita tun wuri, yadda mai karatu zai ce ai wannan an gama da shi ya wuce. Har yau ina yi wa baiwar Allahn nan addu'a. Amma ba duk shawara na ɗauka ba, da yawa sun matsa wai sai an sa soyayya, wai littafin Hausa ba soyayya ba ya tafiya. Ban ƙi soyayya ba amma mutumin da ake farauta cikin kwana uku ina ya ga lokacin zance? Abinda na yi na ba mata gurbi na gaske, akwai wata Iya Bayarabiya mai sarin kwanduna da ta san sirrin kowa a kasuwar, akwai matar direban da ya ɓata wadda ita ta fara gano bakin zaren, kuma yanzu su aka fi yi min maganarsu.

Daga babi na 11 na koma na kuɗi, naira 500. Kwana uku da gama labarin wani ya haɗe shi kaf ya watsa a wasu gurup, bayan sati na ji wata murya a YouTube tana karanta min littafina ko sunana ba a ambata ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma YouTube suna da fom na kai ƙorafi, na cike an sauke wannan ɗin, amma wanda ya shiga wayoyin mutane ya shiga kenan. Dan Allah masu yin haka ku ji tsoron Allah, naira 500 ɗin nan barcin wani ne na shekara biyu.

Wannan ne ma ya ƙara min ƙarfin gwiwar bugawa a takarda, ina son abinda zan riƙe a hannu da sunana a bango. Na fara tura shi Kano wajen wani malamin Hausa ya duba. Ya dawo min da shi ja-wur. Kun ga yadda nake rubuta yace da tace a haɗe a nan, to a littafi duk sai da ya raba su, ya gyara min inda nake sa wa mace "ya", ciwon da mu 'yan kurmi muke fama da shi ba ma ji. Duk na karɓa da godiya. Inda muka ja shi ne maganar mutanen cikin labarin, ya bi duk "oga" da "oya" da "abi" ya soke yace ba Hausa ba ce. Nace Malam Allah ya gafarta, ɗan dakon Mile 12 in ya buɗe baki ya yi Hausar rediyo ba wanda zai yarda da shi, haka muke magana, mu ma Hausawa ne kuma ba a taɓa sa mu a littafi da muryarmu ba. Ya yi shiru a waya sannan yace to bayanin marubuci ya bi ƙa'ida, bakin mutane kuma a bar musu abinsu. A haka muka tsaya.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samu, lamba 13 ce, tamu ta Najeriya da 978-978 take farawa, kuma in littafi ya fito doka ta ce ka kai musu kwafi 3 su ajiye. Wannan bai ba ni wuya ba. Na so in sa shi a OkadaBooks ma, manhajar sayar da littattafai a intanet, sai ga sanarwar suna rufewa a ƙarshen Nuwamban 2023.

Kuɗin bugu ne ya kusa kayar da ni. Takarda daga waje ake shigo da ita, masana'antunmu na Jebba da Iwopin da Oku Iboku an daɗe ba a jin ɗuriyarsu a kasuwa yadda ya kamata, to tunda aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin da aka faɗa maka yau ba shi ne na sati mai zuwa ba. Na yi niyyar kwafi 1,000 na dawo 500. Alhajina ne ya cika min, ya kira ni bayan an tashi yace "ɗana nawa ya rage?" ya ƙirgo ya ba ni yace in na sayar in biya a hankali.

Shomolu na je, duk wanda ya san Legas ya san nan ce unguwar masu ɗab'i, lungu-lungu ƙarar inji ce da janareto da warin tawada, yara suna tura rim-rim na takarda a baro. Na samu wani dattijo Bayarabe mai tsohon injin Kord, mutumin kirki, ya yi min bayanin cewa shafi 16-16 ake bugawa a falle ɗaya sannan a naɗe a yanke, shi yasa na daidaita littafin ya tsaya 192, falle 12 kenan. Na ba su fayil na koma kasuwa saboda ranar motoci huɗu muke jira. Kuskurena kenan. Washegari da yamma na dawo an riga an buga falle uku, shafi 48 sau 500, an jera su tsawon ƙugu. Na zaro ɗaya na duba sai naji ƙafata ta yi sanyi. Yaron da ke kan kwamfuta ya buɗe aikin a manhajar CorelDraw, irin rubutun da na yi amfani da shi babu a injinsa, sai ya canza da wani, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take sai ɗan akwati fanko ya fito. Ɓarawo ya koma akwati da "arawo", ƙofa akwati da "ofa", layin farko na littafin ma akwati uku ne a ciki. Su ba sa jin Hausa, a ganinsu ado ne. Na zauna a kan bencin shagon na kasa magana, sai dattijon nan na tumatur ya faɗo min a rai. Mai shagon ya zo ya dafa ni yace in nuna masa, na rubuta masa kasa da ƙasa a takarda na faɗa masa ma'anar kowanne, nan take ya gane dan su ma suna da ɗigo a ƙarƙashin haruffansu da in aka cire magana ta canza. Yace laifin na mu biyu ne, shi bai nuna min gwaji ba ni kuma ban tsaya na nema ba, muka raba asarar biyu. Daren nan a shagon na kwana, aka mai da aikin PDF da haruffan a kulle a ciki, aka fitar min da gwaji na bi shi layi-layi da biro har aka yi kiran sallar farko, sannan na sa hannu a kowane falle kafin a ɗora a inji. Duk mai buga littafin Hausa a kudu dan Allah kar ka matsa ko nan da can sai ka ga gwaji da idonka.

Ranar da na ɗauko katan-katan ɗin a Keke har ƙofar gida, maiɗakina ta zaro ɗaya ta shinshina ta juya bangon, hoton bayan tirela ne da kwanduna wanda na ɗauka da wayata, ta daɗe tana kallon sunana ba ta ce komai ba.

Sayarwa kuma wani karatun ne. Na ajiye a wajen masu shago a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, katan huɗu na ba direban da ya kai ni Jebba ya tafi da su Kano tunda dama motar wayam take komawa. 'Yan littafi na Sabon Gari sun karɓa amma sai an sayar a biya, kuma sun faɗa min gaskiya cewa kasuwar takarda ta ja baya sosai kowa ya koma waya, sannan suka tuna min cewa Kano akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i, in bi ta nan tukunna, na bi. Zuwa yanzu an sayar da ɗari uku da 'yan kai, na biya Alhaji fiye da rabi, riba babu ita tukunna. Abinda ban zata ba shi ne direbobi da yaran mota da 'yan dako, mutanen da aka ce min ba sa karatu, su suka fi saye a hannuna, wani ya saya a haɗu a teburin mai shayi ɗaya yana karantawa saura suna gardama a kan wa ya ci amanar wa.

Alhajina ba ya karatun boko sai ajami, jikansa ne ya riƙa karanta masa babi ɗaya kullum bayan isha'i. Da suka gama bai ce min komai ba sai da muka sallami motar ƙarshe ranar wata Laraba, ina rufe littafin lissafi ya kira ni yace zauna. Yace "ɗana na ji littafinka, an kama wanda ya yi, an yi wa direba sutura, madalla. Amma kwandunan nan bakwai da aka sauke a hanya, na waye? Wa ya biya shi?" Na buɗe baki na rufe, dan tun babi na 3 ban sake waiwayarsu ba, ni da malamin Kano da gurup ɗin mutum ɗari biyu ba wanda ya tuna. Yace "manomi ne can ya yi wata uku yana ban ruwa, ka je ka nemo shi." A bayan littafin rasit ɗin ranar na rubuta kwando 7 na ja layi a ƙasa, yanzu ina babi na 4 na littafi na biyu, kuma a wata gona a Kadawa ya fara.